Cinikin bindiga hannu da hannu a Amurka: yadda ake bi ta wajen dila, da yadda za ka gane inda rigimar take

A Amurka in ka shiga shagon da ke da lasisin gwamnatin tarayya ka ce kana son bindiga, ba za a miƙa maka ba sai an cika fom an aika sunanka wajen FBI sun duba ko kana cikin waɗanda doka ta hana. Amma in maƙwabcinka ne yake da bindiga a gida ya gaji da ita yana son kuɗi, kai kuma kana so, kuma jiharku ɗaya, toh dokar tarayya ba ta ce sai an binciki kowa ba, ka ba shi kuɗi ya ba ka kaya shi kenan. Wannan giɓin shi ne ake ta ja-in-ja a kansa tun shekarun 1990. Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwanmu da ke zaune can, ko a Niyok ko a Houston ko ina, da kuma masu bin labaran Amurka da kullum suke jin ana cewa majalisa ta kasa yin dokar binciken masu sayen bindiga, su rasa gane wai ba a bincike ne gaba ɗaya ko me. Ana yi, amma ba a kowane ciniki ba.

Abu na farko, kafin ma ka yi maganar farashi, ka san dokar jihar da kake. Dokar tarayya ita ce mafi ƙarancin abin da ake buƙata, jiha tana iya ɗorawa a kai. Kalifoniya tun 1991 ta ce duk cinikin bindiga ko tsakanin abokai ne sai ya bi ta hannun dila, wato mai shagon da ke da lasisi, kuma yanzu sai an jira kwana 10. Kolorado da Niyok da Connecticut da Delaware sun bi sahu a 2013, jihar Washinton a 2014 ta hanyar ƙuri'ar jama'a, Oregon a 2015, Virginia a 2020, Michigan da Minnesota suka yi nasu a 2023. Pennsylvania ta ce ƙaramar bindiga ta hannu kawai ake bi ta dila, doguwa ba dole. Illinois kuma sai kana da katin izinin mallaka tukuna. Teksas da Jojiya babu wannan sharaɗin. Kusan jihohi 20 ne ke da wani nau'i na wannan doka kuma kowacce da irin nata, wata ta yafe wa uba da ɗa wata ba ta yafe ba, shi ya sa kar ka ɗauki maganar abokinka da ke wata jiha ka yi aiki da ita, ka shiga shafin 'yan sandan jiharka ko na babban lauyan jiha ka karanta da idonka.

Na biyu, ka tabbatar jiharku ɗaya da wanda za ku yi cinikin. Wannan mutane da yawa ba su sani ba. Tun dokar 1968, wadda aka yi bayan kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, mutumin da ba shi da lasisi ba zai sayar wa mazaunin wata jiha bindiga kai tsaye ba, sai dai a aika ta wajen dila a jihar mai saye shi kuma ya je can ya cika fom a bincike shi. Saboda haka maganar da ake yi wai a intanet mutum na iya yin odar bindiga a kawo masa ƙofar gida kamar takalmi, ba haka ba ne in daga shago ne ko daga wata jiha. Inda matsalar take shi ne talla, mutum ya sa hoto a shafi irin Armslist, wani ɗan jiharsu ya gani ya kira, su haɗu a wajen ajiye motoci na wani kanti su yi musaya. Facebook ya hana irin wannan tallan tun farkon 2016.

Na uku shi ne wa doka ta hana. Ko a jihar da ba a tilasta bincike ba, laifi ne babba ka sayar wa wanda ka sani, ko kana da dalilin zaton, cewa an hana shi, kuma tun 2022 hukuncin na iya kaiwa shekara 15. Waɗanda aka hana sun haɗa da wanda kotu ta taɓa kama shi da laifin da hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara ɗaya, da mai gudun shari'a, da wanda kotu ta sa aka kwantar a asibitin taɓin hankali, da wanda aka kora daga soja korar wulaƙanci, da wanda aka hukunta kan dukan mata ko iyali ko da ƙaramin hukunci ne (wannan an ƙara shi a 1996), da wanda kotu ta ba umarnin ya nisanci matarsa ko tsohuwar matarsa, hanin da Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a shari'ar Rahimi a 2024. Akwai tambaya kan shan ƙwaya ma, kuma fom ɗin ya rubuta ƙarara cewa wiwi haramun ce a dokar tarayya ko da jiharka ta halatta ta.

Ga wurin da ya fi shafar mutanenmu, don Allah a kula. Mai katin zama na dindindin, wato girin kad, yana iya saye kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na ɗan lokaci an hana shi, sai in ya faɗa cikin wasu 'yan togaciya kamar mai lasisin farauta. Wanda takardunsa suka ƙare ko ba shi da su kwata-kwata, riƙe bindiga ma kawai laifi ne, kuma irin laifin da bayan ɗauri sai a tasa ƙeyar mutum gida. In ɗan uwanka ɗalibi ya ce ka sayar masa da taka saboda unguwarsu ba tsaro, wallahi tausayi ne zai sa ku duka biyun cikin bala'i.

Toh yanzu yadda ake bi ta wajen dila, wanda ni dai shi nake ba kowa shawara ko da jiharka ba ta ce dole ba. Kai mai sayarwa ba ka da hanyar shiga rumbun binciken nan da ake kira NICS da kanka, masu lasisi ne kawai da hukumomi ke shiga. Sai ka kira shagon bindiga na kusa, ko shagon jingina mai lasisi, ka tambaya ko suna yin canjin hannu tsakanin mutum biyu da nawa suke karɓa, don ba kowane shago ke yi ba kuma a dokar tarayya ba dole ba ne su yi. Kuɗin yawanci 'yan daloli ne gomomi, wani wajen ya fi tsada, ku daidaita tun a waya wa zai biya. Ku je tare, bindigar ba harsashi a cikinta kuma tana cikin jakarta, kar ka shiga shagon mutane da ita tsirara a hannu. Mai saye ya zo da katin shaida na gwamnati mai hoto da adireshin da yake zaune yanzu.

Shi mai saye zai cika fom 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ya rubuta suna, ranar haihuwa, wurin haihuwa, sai jerin tambayoyin e ko a'a. Dila ya aika ta kwamfuta ko ya buga waya, a wasu jihohi FBI ke dubawa daga ofishinsu na Clarksburg a West Virginia, a wasu kamar Kalifoniya da Fulorida da Pennsylvania hukumar jiha ce ke yi. Amsa iri uku ce, a ba shi, a dakata, ko a hana. Mafi yawa cikin 'yan mintuna ake gamawa. In aka ce a dakata FBI na da kwana uku na aiki, in suka wuce ba amsa dokar tarayya ta ba dila dama ya miƙa bindigar in ya ga dama, kodayake wasu jihohi da wasu shaguna ba sa yarda. Ta wannan ƙofar ce wanda ya kashe mutum 9 a cocin Charleston a 2015 ya samu tasa. Ga wanda bai kai shekara 21 ba kuma, tun 2022 ana iya tsawaita binciken har kwana 10 na aiki don a duba tarihinsa na yarinta.

Wani ɗan abu da ya kamata mai sayarwa ya tambaya tun farko, shin dilan zai shigar da bindigar cikin littafinsa kafin amsa ta zo? Don in ya karɓa ya rubuta ta a kayansa sannan aka hana mai saye, kai ma mai ita sai ka cika fom an bincike ka kafin a dawo maka da abinka. In kuma kai ne aka hana alhali ka san ba ka da laifi, abin yana faruwa musamman ga masu suna iri ɗaya da wani, kuma mu da Muhammad da Abdullahi da Ibrahim suka yi mana yawa ai ka san zancen, sai ka karɓi lambar binciken a wajen dila ka ɗaukaka ƙara wajen FBI, har akwai lamba ta musamman da suke ba mutum ya riƙa sawa a fom don kar a sake rikita shi da wani. Sa lambar soshal ɗinka, wato Social Security, a fom ba dole ba ne amma tana rage irin wannan ruɗanin.

Abin da kar ka kuskura ka yi shi ne saya wa wani da sunanka. Tambaya ta farko a jerin nan ita ce ko kai ne ainihin mai saye. In wani ya ba ka kuɗi ya ce je ka cika fom ka kawo min, ƙarya ka yi wa gwamnati, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Abramski ta 2014 ta ce laifi ne ko da shi wanda ka saya wa ɗin ba a hana shi ba. Kyauta ta gaskiya da kuɗinka daban ce, wannan an yarda in jiharku ɗaya kuma dokar jihar ta bari. Haka kuma in ka ga ka fara saye kana sayarwa kana cin riba, ka zama dila ko ka so ko ka ƙi, sai ka nemi lasisi. Dokar da Biden ya sa wa hannu a Yunin 2022 ta faɗaɗa ma'anar mai sana'ar, ATF ta fitar da ƙa'ida a kai a 2024, jihohi irin su Teksas suka kai ƙara kotu ta dakatar da ita a wajensu.

In jiharka ba ta tilasta ba kuma ka ƙi zuwa wajen dila, toh aƙalla ka duba lasisin tuƙinsa ka ga ɗan jiharku ne, ka tambaye shi ko yana da izinin ɗaukar bindiga na jiha tunda wannan sai an yi bincike ake ba mutum, ku rubuta takardar ciniki da kwanan wata da lambar jikin bindigar kowa ya sa hannu. Dalili kuwa, in aka tsinci bindigar a wajen wani laifi 'yan sanda daga kamfanin da ya ƙera ta suke farawa, zuwa babban dila, zuwa shago, zuwa fom ɗin wanda ya fara saye, in kai ne toh ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Kuma duk wanda ya ce zai ƙara maka kuɗi in dai ba takarda ba zuwa shago, ka tattara kayanka ka tafi.

Yanzu ita kanta muhawarar, yadda za ka saurare ta ba tare da an yi wasa da hankalinka ba.

Ka fara da sanin asali. Dokar Brady ce ta kawo binciken, Clinton ya sa hannu a Nuwamban 1993, an sa mata sunan James Brady kakakin Reagan wanda aka harba a kai a harin 1981. NICS ya fara aiki a 1998. Dokar ta ɗora nauyin ne a kan masu lasisi kawai, saboda haka masu adawa da faɗaɗa ta suna cewa ba wani giɓi da aka manta, da gangan aka bar shi a sulhun da aka yi. Ana yawan kiran abin giɓin kasuwar baje kolin bindigogi, amma ka sani dila mai lasisi ko a kasuwar baje koli yake sai ya yi bincike, mai teburin da ba shi da lasisi ne ba ya yi. Ba wurin ne matsalar ba, wanda ke sayarwar ne.

Masu goyon baya hujjarsu mai sauƙi ce, in an hana mutum a shago kuma zai iya zuwa ya saya a hannun wani a ranar, me aka yi kenan? Kamar ka kulle ƙofar zaure ka bar katangar baya a rushe. Misalinsu mafi ƙarfi shi ne harin Odessa da Midland a Teksas a Agustan 2019, mutumin ya faɗi bincike a 2014, daga baya ya saya a hannun wani ba bincike, ya kashe mutum 7. Bindigogi uku cikin waɗanda aka yi amfani da su a makarantar Columbine a 1999 ma a kasuwar baje koli aka saye su daga masu sayarwa marasa lasisi. Kuma ƙuri'un jin ra'ayi na cibiyar bincike ta Pew sun sha nuna sama da kashi 80 cikin 100 na Amurkawa na goyon baya, har da 'yan Rifablikan da masu bindiga da yawa.

Masu adawa, da NRA babbar ƙungiyar kare masu bindiga a gaba, suna da nasu kuma kar ka raina su. Suna cewa ɓarawo ba ya zuwa shago. Binciken da ma'aikatar shari'a ta yi wa fursunoni a 2016 ya nuna kusan kashi 43 a kasuwar bayan fage suka samu bindigarsu, kusan kashi 25 daga dangi ko aboki, wajen kashi 10 a shago, ƙasa da kashi 1 a kasuwar baje koli. Kowane ɓangare na ɗaukar waɗannan alƙaluman ya ce shi suka goya wa baya, wannan ya ce ai ka ga doka ba ta kai su, wancan ya ce ai kashi 25 ɗin nan su ne ake so a toshe. Suna kuma cewa manyan hare-haren da ke tayar da maganar ba su da alaƙa da cinikin hannu da hannu, a makarantar Sandy Hook a 2012 bindigogin mahaifiyar maharin ne da ta saya bisa doka, a makarantar Uvalde a 2022 yaron a shago ya saya ya kuma ci binciken. A harin cocin Sutherland Springs a 2017 rundunar sojin sama ce ba ta aika hukuncin da aka yi wa mutumin zuwa rumbun ba, sai binciken ya fito fes, aka kashe mutum 26, abin da ya jawo dokar gyara NICS ta 2018.

Amma zuciyar rigimar ita ce rajista. Dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya ajiye kundin sunayen masu bindiga, kuma bayanan wanda ya ci bincike ana goge su daga NICS cikin awa 24, fom ɗin a shago yake zama. Masu adawa suna tambaya, in ba rajista ta yaya za a gane cewa na sayar maka jiya ba bincike, ba shekara goma da suka wuce ba? In kuma da rajista, toh ranar da wata gwamnati ta so ƙwacewa ga jerin sunaye a hannunta. Ni a ganina tsoron ƙwacewar an kambama shi, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Heller ta 2008 da ta Bruen ta 2022 da suka ƙarfafa 'yancin mallaka, amma tambayar yadda za a tilasta dokar tambaya ce ta gaske kuma masu goyon baya sun fi son su tsallake ta. A wasu ƙananan hukumomi na Kolorado da Washinton da New Mexico shugabannin 'yan sanda na yanki sun fito fili sun ce ba za su wahalar da kansu a kanta ba.

In an kawo maka lamba ka tambayi shekararta. An daɗe ana cewa kashi 40 na bindigogi ba bincike ake samunsu, wannan daga wani ɗan ƙaramin bincike ne na 1994 tun kafin NICS. Wanda aka wallafa a 2017 ya samu kashi 22 cikin waɗanda suka mallaki bindiga a shekaru biyun da suka gabace shi. Ka kuma tambaya wace irin doka ake auna tasirinta, don nan ne abin mamakin yake. Masu bincike da suka duba Kalifoniya shekara goma bayan dokar 1991 ba su ga canjin da za a jingina mata ba a kisan kai da bindiga. Amma a Connecticut, inda a 1995 aka ce sai mutum ya je da kansa ya nemi izinin saye an ɗauki hoton yatsunsa, masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun ƙiyasta kashe mutane da bindiga ya ragu da kusan kashi 40 cikin shekara goma, Missouri kuma da ta soke irin wannan izinin a 2007 kisan ya ƙaru. Abin da na fahimta shi ne binciken shi kaɗai ba ya yin abin da ake tallata shi da shi, sai an haɗa da izini da kuma hukuma mai bibiya. Kuma fiye da rabin mutuwar bindiga a Amurka kisan kai ne na mutum ya kashe kansa, a 2021 cikin mutum 48,830 kashi 54 haka ne, wanda a nan jinkirin kwanaki ya fi binciken amfani.

Sai tambayar da kowa ke yi, in kashi 80 na so me ya hana? Majalisar dattawa. A Afrilun 2013, wata huɗu bayan Sandy Hook inda aka kashe yara 20 da manya 6, Joe Manchin na Dimokurat da Pat Toomey na Rifablikan, dukkansu masu kyakkyawar shaida a wajen NRA, suka kawo ƙudurin da ya taɓa kasuwar baje koli da tallan intanet kawai, ya yafe wa dangi da abokai, har ya sa hukuncin ɗauri ga duk jami'in da ya ƙirƙiri rajista. Ya samu ƙuri'a 54 da 46, ana buƙatar 60. Majalisar wakilai ta amince da wanda ya fi shi faɗi a 2019 da 2021, duka biyun a dattawa suka mutu. Kuma goyon bayan baki ba ya zama ƙuri'a kullum, a 2016 da aka kai maganar gaban jama'a a Nevada da ƙyar ta wuce sannan ta maƙale har sai da majalisar jiha ta sake yin doka a 2019, a Maine kuwa a wannan ranar mutane suka yi watsi da ita, sai bayan harin Lewiston na 2023 jihar ta sa bincike a kan cinikin da aka yi tallarsa. Don haka duk lokacin da ka ji wani ɗan siyasa ya ce yana goyon bayan binciken kowa da kowa, ka nemi rubutun ƙudurin ka duba abu uku, wa aka yafe wa, wa ke ajiye takardar, kuma aron bindiga ga aboki a wajen farauta ko filin atisaye yana ciki ko ba ya ciki, don a kan wannan na ƙarshen ne aka fi yin faɗa a Washinton da Maine.